Tarihin Gardamar Masana a Kan Ƙira da Juyin Ƙananan Cibiyoyin Zarra

Cikin shekara ta 1911 Ernest Rutherford ya nuna a Manchesta ta ƙasar Ingila cewa kusan dukan nauyin zarra yana tattare ne cikin wani ɗan ƙanƙanen abu a tsakiyarta, wanda faɗinsa bai kai kashi 1 cikin 10,000 na faɗin zarrar ba. Wannan abu shi za a riƙa kira cibiya a nan. A 1932 James Chadwick ya gano niyutoron a Kambirij, daga nan aka san cibiya ƙwayoyi iri biyu ne suka haɗa ta, watau furoton mai ɗauke da lantarki da niyutoron wanda ba ya ɗauke da shi. To, amma wace irin siffa gare ta? Masana na farko suka ɗauka mulmulalliya ce kamar curin fura. Ba wanda ya auna ya ga haka, sai dai mulmulallen abu ya fi sauƙin lissafi. Har yanzu haka a ke zana ta cikin littattafan makaranta da yawa, malami ya zana a allo, almajiri ya kwafa, alhali kuwa an fi shekara 80 da sanin cewa da yawa daga cikin cibiyoyi ba haka su ke ba.

Labarin manyan cibiyoyi, irin na yuraniyam, sananne ne, har an ba da kyautar Nobel saboda shi. Na ƙananan, masu ƙwayoyi kamar 8 zuwa 30, ba safai a kan ba da shi ba, ga shi kuwa a nan ne aka sasanta ɗarikoki biyu na masana waɗanda dā a ke gani ba za su taɓa jituwa ba.

Alama ta fari ta fito daga Jamus. A 1935 Hermann Schüler da Theodor Schmidt suna nazarin hasken da zarrar yurofiyam ke fitarwa, sai suka ga 'yan layukan hasken ba su jeru yadda lissafi ya ce ba. Bayanin da ya dace shi ne lantarkin cibiyar bai bazu daidai wa daida ta kowace fuska ba. A 1939 kuma Isidor Rabi da abokan aikinsa uku, Kellogg da Ramsey da Zacharias, suka auna cibiyar haidurojin mai nauyi a Jami'ar Kolambiya ta Niyu Yok. Wannan ƙwaya biyu tak gare ta, furoton 1 da niyutoron 1, duk da haka aka iske ta ɗan miƙe. Ashe ko mafi ƙanƙantar haɗi bai zama mulmulalle ba.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya riƙe wata ƙa'ida guda, don ita ce mabuɗin dukan labarin. A duniyar zarra abu ba ya ɗaukar ƙarfi yadda ya ga dama, sai mataki mataki, kamar mai hawan tsani. Juyi ma haka, lamba gare shi, kuma cibiyar da furoton ɗinta da niyutoron ɗinta suka zama cika, ba mara ba, idan tana juyi lambar ta kan hau 0, 2, 4, 6. Ƙarfin kowane mataki yana bin lambar ne an riɓanya ta da mabiyiyarta: 2 sau 3 shi ne 6, 4 sau 5 shi ne 20, 6 sau 7 shi ne 42. Saboda haka mataki na 4 ya kan fi mataki na 2 tsawo sau 3.33. Duk inda aka ga matakai sun jeru bisa wannan lissafi, to, an san akwai juyi, ko da ya ke ba idon da ya gani. Abin mamaki a nan shi ne mulmulallen abu ba ya iya irin wannan juyi ko kaɗan, gama in an juya shi babu abin da ya sāke, kuma abin da ba ya bambanta da halinsa na fari, a ilmin zarra ba a lissafa shi motsi. Watau ganin tsanin juyi shi ne shaidar cewa cibiyar ba mulmulalliya ba ce. Ko dai ta miƙe kamar dabino, ko ta baje kamar waina.

Tun a 1938 wasu suka soma tunanin juyi, kuma da ƙananan cibiyoyi suka fara. An san cibiyar hiliyam, mai furoton 2 da niyutoron 2, ƙullinta yana da tauri ƙwarai, ita a ke kira alfa. Lawrence Hafstad da Edward Teller suka ce watakila wasu cibiyoyi tarin alfa ne: baraliyam-8 alfa biyu manne da juna, kabon-12 alfa uku zaune kamar duwatsun murhu, oksijin-16 kuwa murhun ne aka ɗora na huɗu a bisa. Irin wannan gini lalle zai iya juyi. A shekarar nan dai Teller da John Wheeler suka rubuta takarda a kan juyin cibiya. Amma awon da a ke da shi a lokacin bai isa ya gaskata su ko ya ƙaryata su ba, ga yaƙi ya taso ya ja hankalin masana zuwa wani wuri, sai zancen ya kwanta.

Bayan yaƙi ra'ayi biyu suka tsaya suna fuskantar juna. Na ɗaya na Niels Bohr ne na Kofanhegan, tun daga 1936. Shi a ganinsa ƙwayoyin cibiya a cunkushe su ke, kowace tana gugar 'yar'uwarta, ba mai hanyar kanta, cibiya duka tana motsi kamar ɗigon ruwa. Da wannan ne shi da Wheeler suka bayyana tsagewar yuraniyam a 1939. Ana iya kiransa ra'ayin gayya, tun da aikin na taro ne, ba a san na wane ba. Na biyu ya bayyana a 1949, daga Maria Goeppert Mayer a Shikago, da kuma Hans Jensen da abokansa Haxel da Suess a Jamus. Su suka ce kowace ƙwaya tana bin tafarkinta ita kaɗai, tafarkun kuwa sun kasu ɓawo ɓawo kamar albasa. Idan ɓawo ya cika, watau idan yawan furoton ko na niyutoron ya kai 2, 8, 20, 28, 50, 82 ko 126, cibiyar ta kan yi ƙarko na musamman. Wannan shi ne ra'ayin ɗai-ɗai. Kowane ɗaya yana da nasarorin da ba su musantuwa, kuma kowane ɗaya, in an bi shi zuwa ƙarshe, yana rushe tushen ɗayan.

Wanda ya fara haɗa su James Rainwater ne. A ƙarshen 1949 ya saurari jawabin Charles Townes a Kolambiya, inda aka nuna cewa miƙewar wasu manyan cibiyoyi ta ninka abin da ƙwaya guda za ta iya haddasawa sau da yawa. A 1950 Rainwater ya ba da amsa: ƙwayoyin da ke bayan cikakken ɓawo suna jan sauran jikin, jikin kuwa ba dutse ba ne, sai ya bi su ya lanƙwashe. A lokacin ofis guda su ke zaune da Aage Bohr, ɗan Niels. Da Aage ya koma gida, shi da wani saurayi Ba'amurke, Ben Mottelson, suka gina cikakken lissafin abin a 1952 da 1953. Awo ya bi bayansu nan da nan. A 1953 Huus da Zupančič suka ga matakan juyi cikin tantalam a Kofanhegan, sa'an nan aka yi ta samunsu cikin manyan cibiyoyi bi da bi. Ma'aunin ƙarfi a wannan fanni shi ne MeV, watau miliyan guda na ilaktoron-bolt. A yuraniyam-238 mataki na 2 yana MeV 0.045, na 4 yana 0.148, rabonsu 3.3 ke nan, kusan daidai da ƙa'ida. A 1955 Sven Gösta Nilsson, mutumin Suwidin, ya lissafta tafarkun ƙwaya guda a cikin cibiyar da ta riga ta miƙe, zanensa ya zama abin da kowane mai awo ke ajiyewa kusa da hannu.

Sai aka yi wani irin rabon ƙasa ba tare da an zauna an yi shi ba. Manyan cibiyoyi masu ƙwayoyi fiye da 150 aka bar wa masu gayya, ƙanana aka bar wa masu ɗai-ɗai. Dalilin ba na wauta ba ne. Cibiyar niyon-20 oksijin-16 ce, wadda ɓawonta ya cika ta fuska biyu, aka ƙara mata ƙwayoyi 4. Ina gayya a aikin mutum huɗu? Ɗigon ruwa kuma yana bukatar ciki da fata, abin da faɗinsa bai wuce na ƙwayoyi uku ba kuwa kusan dukansa fata ne. Ga shi kuma a ƙananan cibiyoyi ana iya zama a lissafta kowace ƙwaya da hannu, babu bukatar kwatance.

Haka J. P. Elliott da B. H. Flowers suka yi a Harwell ta Ingila a 1955. Suka ɗauki fulorin-19, watau oksijin-16 da ƙarin ƙwayoyi 3, suka yi doguwar ƙididdiga mai wahala bisa ra'ayin ɗai-ɗai, matakan da suka samu suka dace da awo. A 1957 E. B. Paul ya ɗauki cibiyar nan dai, ya ce a ƙaddara miƙaƙƙiya ce mai juyi, ya yi amfani da zanen Nilsson, da ɗan gajeren lissafi ya fito da kusan amsar da su Elliott suka sha wuya a kanta. Ana cikin haka labari ya zo daga Chalk River ta ƙasar Kanada. A can A. E. Litherland da H. E. Gove da abokansu suna harbin maganiziyam-24 da furoton suna duban matakan alminiyam-25, daga 1956 suka lura matakan suna rabuwa jeri jeri. A 1958 suka bayyana alminiyam-25 da tagwaininta maganiziyam-25 dukansu da lissafin juyi. Rabon ƙasar nan ya lalace ke nan. Tambayar da ta rage mai nauyi ce: yaya lissafi biyu masu tushe dabam, ɗaya ya ce kowa tasa ta fishshe shi, ɗaya ya ce duka a tafi tare, za su ba da amsa guda a kan abu guda? Ko dai dacewa ce kawai, ko kuwa akwai abin da ba a gane ba.

Elliott ne ya warware ta, cikin takardu biyu da ya buga a 1958. Ga gundarin maganarsa ba tare da alƙaluma ba. A ƙaramar cibiya kowace ƙwaya tana lilo ne kamar an ɗaure ta da roba a tsakiya, lilon kuwa yana iya zama ta fuska uku, gabas da yamma, ko kudu da arewa, ko sama da ƙasa. Ƙwayar da ke ɓawon da ya biyo bayan oksijin-16 tana da rabon lilo 2, kuma ko ta wace fuska ta kashe su, ƙarfinta bai sāke ba. Tun da babu hasara, abin da zai yanke hukunci shi ne ɗan jan da ke tsakanin ƙwayoyin, shi kuwa ya fi so su kusanci juna, watau su zuba lilonsu ta fuska guda. A niyon-20 ƙwayoyi 4 ne, kowace da 2, duka 8 suka bi hanya ɗaya, sai cibiya ta miƙe. Elliott ya nuna da wani reshe na lissafi mai suna SU(3) cewa wannan hali guda yana ƙunshe da matakai masu lamba 0, 2, 4, 6, 8, kuma ƙarfinsu yana bin ƙa'idar nan ta riɓanya lamba da mabiyiyarta. Bai shigo da ɗigon ruwa ba, bai ƙaddara wata siffa tun farko ba. Daga ƙwayoyi ɗai-ɗai ya fara, juyin ya fito da kansa. Ashe gayya ba yawan jama'a ke yin ta ba, haɗa fuska ne. Shekara uku bayan haka Gell-Mann da Ne'eman suka yi amfani da SU(3) ɗin nan wajen jera wasu ƙwayoyi dabam, sunan ya shahara ta wannan hanya, har ɗalibai da yawa ba su san an riga an mora shi a ilmin cibiya ba.

Akwai wani abu cikin amsar Elliott wanda ɗigon ruwa ba zai iya faɗa ba. Mazari ana iya ƙara masa gudu muddin hannu bai gaji ba, amma ƙwayoyi 4 abin da za su iya bayarwa yana da iyaka, tsanin niyon-20 dole ya ƙare a 8. A 1959 aka kafa sabon injin harba ƙwayoyi a Chalk River, a 1961 su Litherland suka ba da labarin jerin matakan juyi a niyon-20. Alƙaluman da aka sani yanzu su ne: mataki na 2 MeV 1.63, na 4 yana 4.25, na 6 yana 8.78, na 8 yana 11.95. Da a ce ƙa'ida ta tsaya cif, da an sami 5.4 da 11.4 da 19.6. Mai karatu ya ga yadda tazarar ke ƙaruwa, har mataki na 8 ya faɗo ƙasa da nisa. Wannan ba aibi ba ne ga bayanin. Cibiyar tana sāke hali ne tana cikin juyi, ƙwayoyin nan 4 suna daidaita tafarkunsu da juyin ɗaya bayan ɗaya, in sun gama duka ba sauran abin ƙarawa. A manyan cibiyoyi sai da aka jira shekaru da manyan injuna kafin a ga ƙarshen tsani, a niyon kuwa matakai biyar suka isa. Shi ya sa ƙananan suka fi koyarwa, ko da ya ke manyan sun fi kyan alƙaluma.

Maƙwabtan niyon kowa da halinsa. Maganiziyam-24 miƙaƙƙiya ce, matakanta 1.37 da 4.12, rabonsu 3. Silikon-28 bajajjiya ce, haka ma kabon-12, mai matakai 4.44 da 14.1. Baraliyam-8 kuwa ba ta daɗe ko kashi ɗaya cikin miliyan sau miliyan na daƙiƙa kafin ta rabe alfa biyu, amma duk da haka tana da tsaninta, wajen 3.0 da 11.4. A lura matakan nan sun ninka na yuraniyam sau talatin zuwa ɗari, domin ƙaramin abu mara nauyi sai ya yi gudu mai tsanani kafin ya cika lamba guda ta juyi.

Oksijin-16 ita ce ta fi ba da kunya ga masu son tsari. Ɓawonta cikakke ne, a zaune mulmulalliya ce, amma matakinta na farko, a MeV 6.05, lambarsa 0, abin da ra'ayin ɗai-ɗai a sauƙaƙensa bai tanada ba. A 1956 Haruhiko Morinaga, mutumin Japan, ya ce ƙwayoyi 4 ne suka tashi tare suka haye ɓawo na gaba, cibiyar ta miƙe. Ba a kula da shi sosai ba sai a 1964, da aka tabbatar akwai tsanin juyi a kan wannan mataki, da 6.92 da 10.36 a bisansa. A 1966 G. E. Brown da A. M. Green suka lissafta yadda halin biyu ke cakuɗa. Watau cibiya guda tana iya zama da ƙira biyu, gwargwadon ƙarfin da ke cikinta. Morinaga ya kuma taɓa wani mataki na kabon-12, mai MeV 7.65, wanda Fred Hoyle ya ce a 1953 lalle akwai shi, in ba haka ba taurari ba za su iya ƙera kabon da yawa ba, aka kuwa same shi a Kalifoniya a shekarar. Morinaga ya ce alfa uku ne a jere kamar tsakiya a zare. A nan bai dace ba. Dogon jeri irin wannan zai sa mataki na 2 ya zauna ƙasa da MeV 1 bisa na Hoyle, amma da aka gano shi, tsakanin 2009 da 2013, a gwaje-gwajen Afirka ta Kudu da Japan da Amurka, sai aka same shi wajen MeV 10, ya fi 2 bisansa. Fiye da shekara hamsin aka yi ana neman mataki guda.

A nan akwai wata matsala ta harshe wadda malamin da zai koyar da wannan da Hausa zai ci karo da ita. Cibiyar niyon-20 a zaune lambar juyinta 0 ce, abin da lambarsa 0 kuwa ba shi da gaba ba shi da baya, ta ko'ina aka auna shi daidai ya ke. To, yaya za a ce miƙaƙƙiya ce? Amsar ita ce ƙwayoyin, in an dubi zamansu da junansu, a miƙe su ke, amma miƙewar ba ta fuskanci wani waje guda ba, ta haɗa dukan fuskoki lokaci ɗaya. Turanci kalma guda ya ke amfani da ita ga duka biyu, sa'an nan ya ƙara mata sifa don rarrabewa, ɗalibai kuwa su kan ruɗe. Hausa tana da kalmomi biyu a shirye: kama, abin da mai dubawa daga waje ya ke samu, da ƙira, yadda aka haɗa abu. Kamar niyon-20 mulmulalliya ce, ƙirarta miƙaƙƙiya. Haka nan ya kamata a tsare bambancin kewaya da juya. Ƙwaya guda kewaya ta ke yi a tafarkinta, cibiya duka ita ke juyi, aikin Elliott kuwa shi ne nuna yadda kewayar 'yan kaɗan ta ke zama juyin duka.

A 1975 aka ba Aage Bohr da Mottelson da Rainwater kyautar Nobel, kamar yadda aka ba Mayer da Jensen a 1963. Elliott bai samu ba har ya rasu a 2008. Sun cancanta, babu shakka, amma wanda ya karanta tarihin daga jerin kyaututtuka kaɗai zai zaci ɗarikokin nan biyu kowace ta ci nasararta ne a gonarta, ba zai san wanda ya rushe shingen ba.

A shekarar 1975 ɗin nan kuma aka auna nauyin wasu cibiyoyin sodiyam masu yawan niyutoron a CERN, kusa da Janiba, aka ga sun fi ƙarko bisa yadda a ke tsammani. Maganiziyam-32 tana da niyutoron 20, lambar cikakken ɓawo, ya kamata ta zama mulmulalliya, amma matakinta na 2 yana can ƙasa a MeV 0.885, kuma awon da aka yi a RIKEN ta Japan a 1995 ya nuna ƙirarta ta lanƙwashe ƙwarai. Ribar da ƙwayoyi ke samu wajen haɗa fuska ta rinjayi tsadar tsallake ɓawo.

Da kwamfuta ta yi ƙarfi sai aka koma kan tambayar 1957 ta wata hanya mai tsanani: a ba inji ƙarfin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya kaɗai, kada a gaya masa kome game da alfa ko siffa ko juyi, a ga abin da zai fitar. A 2000 Wiringa da Pieper da Carlson da Pandharipande suka yi wa baraliyam-8 haka, suka juya kowane hoto na lissafin ya fuskanci waje guda, sai ga alfa biyu manne da juna, yadda Hafstad da Teller suka ƙaddara shekara 62 kafin nan. A 2013 Caprio da Maris da Vary suka sami tsanin juyi cikin jerin cibiyoyin baraliyam ta irin wannan lissafi. A 2014 masu awo a Bamingam suka gano wani mataki mai lamba 5 cikin kabon-12, a MeV 22.4, daidai wurin da gini mai kusurwa uku ke bukata, ko da ya ke masana ba su daina gardama a kan iyakar abin da misalin duwatsun murhu zai iya ɗauka ba. A watan Yuli na 2025 kuma aka yi karon oksijin da oksijin, da niyon da niyon, a babban injin CERN, domin karon yana da saurin da zai riski ƙwayoyin a inda su ke, tarwatsewar da ta biyo baya kuwa tana ɗauke da alamar ƙirar da suka shiga da ita.